Thaddeus Mai Gilashi da Tsohuwar Fijo

Duk wanda gilashin motarsa ya taɓa fashewa a Abuja, aljihunsa kuma bai kai shi manyan kantunan cikin gari ba, da wuya a ce ba a taɓa kwatanta masa rumfar Thaddeus Kure a garejin Apo ba. Rumfar kwano ce a ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran kujerun mota da wata mata mai shinkafa da wake. Mai rumfar baƙi ne siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, yatsunsa duk tabon tsofaffin yanka. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Makanikan layin sukan tsokane shi su ce ko gilashi zai ɗauka sai ya gaishe shi tukuna.

Mutumin Kwoi ne, ɗan manomin citta. Ya zo Abuja yana saurayi, lokacin da garin yake rabi daji rabi ramukan gini. Ya yi dakon siminti har kafaɗunsa suka yi kanta, kafin wani Bayarabe mai sa gilashin tagogi ya lura da yadda yake ajiye kaya, ko buhu ne ba ya jefarwa, ya ce ya riƙa binsa. Tare suka sa gilashi a ofisoshin da har yau Thaddeus bai taɓa shiga ta ƙofar gabansu ba. Da aikin gini ya ja baya sai ya koma gilashin mota, a nan kuma ya tsaya. Ya auri Angelina, 'yar Kafanchan mai ɗinki, suka zauna a Karmo har rusau ya iso kansu, suka kwashe abin da ya rage suka koma Karshi, inda suka samu ɗan fili suka ɗora ɗakuna biyu. A nan suka raini 'ya'yansu, babbarsu Promise, har kowa ya kama gabansa.

Duk tsawon shekarun nan hannunsa yana cikin motocin mutane, yakan ma ja su daga bakin titi zuwa rumfa, amma shi bai taɓa mallakar tasa ba. Kullum bas yake bi, ta Orozo, ta Jikwoyi, ya shiga cunkoson Nyanya da kwanon abincinsa a cinya. Ba a taɓa jin ya koka ba.

Motar da ta shiga ransa ba irin wadda za a waiwaya a kalla ba ce. Tsohuwar Fijo ce, 404, da aka yasar a bayan garejin ƙarƙashin bishiyar yazawa. Wani tsoho ne ya kawo ta gyara, ya rasu, magadansa suka ce ba su da abin yi da ita. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye sun cinye kujerun, gilasanta babu ko ɗaya da ya tsira daga jifa. Ranar da shugaban layin ya ce za a kira masu sayen gwangwan su yanka ta, Thaddeus ya bi shi har gindin bishiyar ya ce a bar masa.

"Ka yi me da ita, Oga Tadi?" in ji shugaban, don haka duk garejin ke kiransa.

"Zan tashe ta."

Shugaban ya dube shi, ya dubi motar, ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma dai ta bar wurin da wuri. Irin wannan motar Thaddeus ya fara shiga a duniya, ta wani mai sayen citta da yake zuwa Kwoi suna yara, sai dai bai ga dalilin gaya wa shugaban haka ba.

Da aka jawo ta da igiya har ƙofar gida a Karshi, Angelina ta fito da almakashi a hannu, ta zagaya ta.

"Baban Promise, wannan mota ce ko ɗakin kaji ka kawo mini?"

"Ki ba ni lokaci."

"Lokaci kam akwai. Ƙofar gida ce yanzu babu."

Amma ita ce daga baya ta auna kujerun da tef ɗinta, ta ɗinka musu riga da jan yadi mai kauri, ta kuma hana maƙwabta shanya kaya a kan motar.

Aikin ya ci shekaru, domin sai ranar Lahadi bayan coci yake samun sukuni. Inji wani abokinsa ne ya taya shi, fenti wani, suka shafa mata ruwan madara. Gilasai kuwa aikinsa ne. Na gaba da na gefe bai sha wuya sosai ba. Na baya ne ya gagara, saboda yana da lanƙwasa a gefe biyu, ba irin wanda za a yanko daga shimfiɗaɗɗen gilashi ba ne, kuma an daɗe da daina kawo shi. Ya tambaya a Dei-Dei, ya tambaya a Zuba, ya aika har Onitsha. Daga ƙarshe a Panteka ta Kaduna ya same shi, a bayan wani shago, ƙarƙashin tarin ƙofofi. Ya naɗe shi da barguna, ya ɗora a cinya tun daga Kaduna har Abuja, duk ramin da direba ya faɗa sai ya ɗaga shi sama kamar mai riƙe da jariri.

Da aka sa wannan gilashin, motar ta tashi, tana tafiya, tana tsayawa, kowa ya ce an gama. Shi ya san ba a gama ba. Motocin wancan zamani suna da wani siririn ƙarfe mai ƙyalli da yake bin gefen kowace taga, ya zagaye gilashin gaba da na baya, 'yan gareji suna ce masa kurom. Na motarsa an ɓamɓare shi tuntuni. Ba ya ƙara wa mota gudu, rashinsa ba ya hana ta komai, amma Thaddeus ya ce in babu shi kamar fuska ce da aka aske wa gira. Wahalar samunsa kuwa ta fi ta gilashi. Ƙarfen bai fi murfin gwangwani kauri ba, masu yanka tsofaffin motoci da sukudireba suke ɓallo shi, ya lauye, su jefa cikin buhu. Wanda ya lauye ba ya sake miƙewa, ko an buga shi sai tabon ya nuna. Sai dai mutum ya samu motar da ba a taɓa ba, ya cire da hannunsa.

A nan Manniru ya shigo labarin. Mutumin Ɓaɓura ne, ya zo Abuja cin rani ya zarce, yana yawo a kan babur ƙauye-ƙauye yana sayen tsohon ƙarfe. A bayan rumfar Thaddeus yake ajiye butarsa da dardumarsa, nan yake salla in azahar ta same shi a Apo. Thaddeus ya nuna masa hoton motar a waya, ya ce duk inda ya ga irinta ya yi magana. Manniru ya sha kawo labarin da aka bi ba a samu komai ba. Akwai lokacin da har Toto suka je, suka tarar wata Fijo ce daban. Wata rana da hantsi ya iso da jar ƙura a gemu, ya zauna a benci, sai da ya sha ruwa sannan ya buɗe baki.

"Oga Tadi, wannan karon ita ce. Wani ƙauye ne bayan Kwali. Komai nata yana jiki, har tambarin gaba. Sai dai fa mai ita ta kore ni da tsintsiya."

"Me ka yi mata?"

"Tambaya kawai na yi ko ta sayarwa ce."

Ranar Asabar suka kama hanyar Gwagwalada, suka wuce Sheda, daga Kwali suka ratse cikin gonakin doya. Manniru ya nuna gidan daga nesa, ya ce shi a nan zai tsaya.

Motar tana tsakar gida ƙarƙashin ɗorawa, an ɗora ta kan duwatsu, fentinta ya koɗe ya koma ruwan toka. Thaddeus bai ga fentin ba. Ƙarfen ya gani, yana nan a kowace taga, ƙura ta rufe shi amma babu inda ya lauye. Cikin motar kuwa tukwane ne jere a kan kujeru, da dammunan irin dawa a rataye. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, 'yar Gbagyi, ana ce mata Maman Friday. Ya same ta tana gina tukunya irin yadda ake yi a ƙasar, tukunyar a tsaye, ita tana zagaya ta da baya da baya tana jan laka.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa. In motan ne, ba na sayarwa ba ne. Na gaya ma wancan mai babur."

"Ba motar nake so ba, Mama. Ɗan ƙarfen nan ne na gefen taga."

Ba ta daina zagayawa ba. "Yau ƙarfen taga, gobe ƙofa, jibi in tashi in ga duwatsu kawai."

Bai yi gardama ba. Ya roƙi izinin ya duba kawai, ta ɗaga kafaɗa. Yana dubawa ya ga gilashin ƙofar direba ya zame ƙasa, an toshe giɓin da tsumma da leda. Ya tambaya ko zai iya ɗaga shi. Ya kwance cikin ƙofar, ya jawo gilashin sama, ya tokare shi da guntun itace, ya mayar da komai yadda ya same shi. Tsohuwar tana kallonsa ta gefen ido. Ya wanke hannu, ya yi mata sallama, ya fita. Da ya ji yadda aka yi, Manniru ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya je farauta ya tsaya yi wa barewa aski ba.

Da ya ba Angelina labari, ta ajiye ɗinkinta ta ce, "Kai ai ba ka iya magana da mata ba. Ni ma da ka aura, yayarka ce ta yi maka maganar. Asabar mai zuwa tare za mu je."

Haka aka yi. Angelina ba ta ko kalli motar ba. Ta ja kujera kusa da tsohuwar, ta tambayi inda ake haƙo laka, ta yaba zanen bakin tulu, suka shiga maganar ciwon gwiwa da 'ya'yan da ba sa zuwa gida. Sai da rana ta yi tsaka sannan ta ciro waya ta nuna mata hoton motarsu a ƙofar gida, Thaddeus a tsugune yana goge taya. Maman Friday ta karɓi wayar da yatsu biyu saboda laka, ta daɗe tana kallo.

"Haka Zacharias ma," ta ce. "Sai ya wanke motan kafin ya wanke fuska."

Zacharias mijinta ne. Da wannan motar yake ɗaukar fasinja tsakanin Kwali da Gwagwalada, ranar kasuwa kuma ya lodo tukwanenta cikin ciyawa har Suleja. A kujerar baya ta haifi Friday, a hanyar asibiti. Da mijin ya rasu, motar ta zauna inda ya ajiye ta. Yanzu ita ce wuri ɗaya a gidan da akuya ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, nan take ajiye ɗanyun tukwane su jira ranar gashi, nan take ɓoye irin shuka.

Ta miƙa wa Angelina wayar, ta juya wajen Thaddeus.

"Mai gilashi, ka cire abin da kake so. Amma motan ba zai motsa daga nan ba, ruwa kuma ba zai shiga ba."

"Na yi alkawari, Mama."

Suka koma ƙauyen da bazara, lokacin da hadari yake haɗuwa a gabas ya watse bai zubar ba. Su uku ne, shi da Angelina da Manniru, wanda a wannan karon aka bari ya shigo har aka ba shi ruwa. Kayan aikin Thaddeus ba su cika leda ba: ruwan sabulu, ɗan kananzir, feƙaƙƙun gora, tsohon cokali da ya naɗe da ƙyalle, da sababbin robobin da zai mayar da gilasan da su. Suka fara fitar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya suka jera a inuwa.

Ƙarafan tagogin gefe wasu ƙananan maƙalai ne suke riƙe da su ta ƙarƙashi, duk sun yi tsatsa. Sai ya ɗiga kananzir, ya jira, ya zura gora, ya ɗaga kamar faɗin farce, ya matsa gaba ya sake. In ya ji ƙarfen ya yi tauri ba ya tilasta masa, ya bar wurin ya koma wani. Manniru ya gaji da kallo ya je ya yi salla ya dawo, ba a gama ƙofa biyu ba. Duk wanda ya fita, Angelina ta karɓa da hannu biyu ta naɗe a tsohon zane.

Na gilashin gaba da na baya sun fi wuya, domin a cikin robar da ke riƙe da gilashin suke zaune, ba sa fita sai an fitar da gilashin gaba ɗaya. Na gaban ya ba da haɗin kai. Thaddeus ya kwanta a kujera ya tura da tafin ƙafa a hankali, Manniru da Angelina suka tare ta waje. Ya zare ƙarfen, ya sa sabuwar roba, ya zura igiya a bakinta, su suna dannawa ta waje shi yana jan igiyar ta ciki har gilashin ya koma mazauninsa. Maman Friday ta zo ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta gyaɗa kai.

Robar gilashin baya ta bushe ta zama kamar ƙirgi. Sai da ya bi ta da reza kaɗan-kaɗan. Abin da bai gani ba shi ne tsatsa ta kumbura a ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ta ciji bakin gilashin. Tafin hannu kawai ya sa. Aka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, gilashin ya yi fari fat, sannan ya zube kamar tsakuwa, wani a kujera, wani a ƙasa.

Thaddeus ya zauna a cikin motar da hannunsa a sama inda gilashin yake. A shekarunsa na sana'a gilashi ya sha fashe masa, amma duk irin wanda za a aika a kawo wani ne kafin mai mota ya gama shan lemo. Wannan ya san irinsa, ya san abin da ya sha kafin ya samu ɗaya.

Ana cikin haka Friday ya shigo, magidanci ne mai 'ya'ya, yana aikin gadi a Sheda. Ya dubi ɓarnar ya ce, "Mama, kin gani ko? Tun yaushe nake cewa a sayar da abin nan."

Tsohuwar ta ɗauko tsintsiya ta fara shara. Thaddeus ya fito ya miƙa hannu zai karɓa, ta hana shi.

"Bari, ɗana. Abin da ya tsufa ai ranarsa yake jira. Ka ɗauki ƙarfenka, shi ya fita lafiya."

Ya fita lafiya kuwa, ko lanƙwasa babu.

A hanyar komawa Manniru ya kawo shawara. Akwai robar nan mai kauri da ake gani ta cikinta, wadda ake sa wa akwatin masu sayar da fanke. Motar da ba ta tafiya, me za ta yi da gilashi? Thaddeus ya ji maganar ta kwanta masa, don yana so ta kwanta. Washegari ya yanko robar ya koma shi kaɗai ya sa. Ya ga kusurwoyin ba su zauna ba, saboda shimfiɗaɗɗen abu ba ya bin lanƙwasa, sai ya cika giɓin da gam, ya shafe da yatsa, ya gaya wa kansa zai riƙe.

Ya dawo gida ya goge ƙarafan da toka da lemun tsami har suka fara ɗaukar ido, ya sa kowanne a wurinsa. Ranar Lahadin da ya kai Angelina coci a cikin motarsa, mutane suka fito daga shago suna kallo, wani ɗan acaɓa ya bi su yana ɗaukar hoto. Angelina ta ɗaura ɗankwalin da take ajiyewa don biki, ta ɗora gwiwar hannu a taga. Da suka iso sai da Thaddeus ya zagaya motar kafin ya shiga coci. Ya ji daɗin waɗannan makonni, babu amfanin a ɓoye.

Sai damina ta sauka, da iska kamar yadda ta saba a farkonta. Wata rana Manniru ya iso rumfa, bai zauna a benci ba.

"Na biyo ta ƙauyen nan jiya," ya ce. "Rana ta lauye robar, gefe ɗaya ya ɗaga, ruwa ya shiga. Tukwanen da ba a gasa ba duk sun narke. Na tarar tana kwashe laka daga kujerar baya da hannu. Irin dawan ma ya jiƙe. Ta ce kar in gaya maka. Ni kuma shawarata ce, shi ya sa na kasa yin shiru."

Thaddeus ya ƙarasa gilashin da ke hannunsa, ya rufe rumfa rana tana sama, abin da bai saba ba. Angelina ta ji shigowarsa, ta leƙo, ta gan shi tsaye a bayan motar yana kallon gilashin baya. Da ya gaya mata abin da ya faru, ba ta buƙaci ya faɗi sauran ba.

"Baban Promise, a yi mata rumfa a kan motar mana. A sa wata robar da ta fi kauri."

"Ruwan da iska ke korowa bai san rumfa ba."

"A cinya ka ɗauko gilashin nan daga Kaduna. Sai da na gasa maka hannu da ruwan zafi."

"Na sani. Amma na ce mata ruwa ba zai shiga ba. Kuma ran da na sa robar nan na ga ba ta zauna ba."

Angelina ta shiga ɗaki, ya ji ta ja keken ɗinki da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ƙarar ta tsaya. Ta fito da igiyar sa gilashi a hannu ta ajiye a kan but ɗin motar.

Da motarsu suka tafi, don Thaddeus ya ce gilashi ya fi zama lafiya a mazauninsa, a can za a cire. Da suka shiga ƙauyen Maman Friday ta fito, ta tsaya, ta zo ta shafa ƙarfen taga da bayan hannu, ta leƙa ciki ta yaba jajayen kujerun. Sai da ta ga ya fara zura gora a robar gilashinsa na baya sannan ta gane abin da ya kawo su.

"A'a, ɗana. Motan da ke tafiya za ka tsiraita saboda wanda ya mutu?"

"Mama, tawa in ruwa ya shiga mu zai jiƙa. Mu kuwa ba ma narkewa."

Ta yi ta faɗa, rabi da Hausa rabi da Gbagyi, shi yana ta aikinsa. Wannan karon sai da ya kankare tsatsar kusurwar har ƙarfe ya fito fari, ya shafa fenti, suka zauna suka ci dafaffiyar gyaɗa kafin ya bushe. Friday yana gida ranar. Ya daɗe a tsaye daga nesa, daga baya ya naɗe hannun riga ya zo ya tsaya kusa da Angelina suka danna ta waje, Thaddeus yana jan igiya ta ciki. Da gilashin ya zauna, ya ce wa tsohuwar ta shiga. Ta shiga kujerar baya, ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa da ƙarfi, ya sake watsawa daga gefe. Ta bi bakin robar da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ɗaga hannun ta nuna musu ta cikin gilashin. A bushe yake.

Ta ba su randa babba, ta ce in suka ƙi karɓa za ta fasa ta a gabansu. Suka dawo da bayan mota a buɗe, Angelina tana riƙe da ɗankwali da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan randar.

Robar da ya sa wa tasa motar ya ɓata mata lokaci, ya gasa ta a hankali har ta ɗan bi lanƙwasar, ya zagaye ta da ƙarfen mai ƙyalli. Ta fara yin rawaya yanzu, in ruwa ya yi ƙarfi takan ɗiga a gefen hagu, akwai tawul da suke ajiyewa don haka. Wani matashi, Elvis, mai ba da hayar tsofaffin motoci ga masu biki, ya taɓa zuwa har Karshi ya duba ta, ya ce in an samu gilashin baya a kira shi. Thaddeus ya ce to, bai karɓi lambarsa ba. Manniru yana nan yana dubawa duk inda ya bi. Maman Friday kuwa ta ari iri daga maƙwabta ta shuka a makare, dawar ta yi daidai gwargwado.

A bara idon Thaddeus na dama ya fara yin yana. Likita ya ce za a yi aiki in ta nuna, amma kafin nan ya bar tuƙi a babban titi. Ya bi umarnin, motar ta zauna a ƙofar gida, yana tayar da ita da safe ta yi ɗumi ya kashe. Angelina ta yi ta kallonsa yana haka har ta gaji. Wata Lahadi da la'asar ta miƙa masa hannu ta ce ya ba ta makulli.

Filin makarantar firamare suka je. Giyar motar a jikin sitiyari take, Angelina ta kama ta kamar mai tuƙa tuwo, motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Wasu mata da ke dawowa daga taron zumunta suka tsaya a bakin filin suna dariya suna ba ta ƙarfi.

"A hankali za ki saki ƙafar, Maman Promise. Ki ji inda ta fara kamawa, ki tsaya a nan."

"Ka yi shiru kana ruɗa ni."

Ta saki ƙafar kaɗan-kaɗan, motar ta girgiza, ta fara gangarawa. Suka wuce ragar ƙwallo, suka nufi tutar makaranta, ta karya kan da kyar suka zagayo. Yanzu ita take kai su coci, ba ta wuce giya ta biyu, 'yan acaɓar Karshi sun san ta, suna ba ta hanya tun daga nesa.